Jaridun gida sun fara kulle labari sai an biya: wa zai biya, kuma da me?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna. Wata jaridar intanet ta nan jiharmu, wadda na san da yawanmu muna bibiya, ta fara kulle wasu labaranta. Za ka karanta kanu da sakin layi biyu, sai rubutun ya dushe, a ce maka ka biya naira 2,000 a wata kafin ka ga sauran. Labarin da na tarar a kulle na rabon takin gwamnati ne: wace mazaɓa ta samu buhu nawa, su wa suka sa hannu suka karɓa. To wanda wannan labari ya fi shafa manomi ne a ƙauye, kuma shi ne na ƙarshen wanda zai iya biya. Ban ce kada ɗan jarida ya ci guminsa ba. Amma labarin dukiyar jama'a a ɓoye wa jama'a shi? Abin bai kwanta mini ba. Me kuke gani?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ba zan biya ba, gaskiya. Na sayi data, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025 kowa ya san yadda datar ta koma. In sayi data, in kuma sayi labari? Bayan minti goma wani shafin Facebook zai ɗora labarin nan kyauta.

Maman Ilham:
Ɗan Fagge, kuɗin datarka ai kamfanin waya ya ci, ko sisi bai shiga aljihun wanda ya hau babur ya je ya ƙirga buhunan takin ba. Shi kuma mai shafin Facebook ɗin daga ina ya samo labarin?

Ɗan Fagge:
Hajiya wannan tsakaninsu ne. Ni mai karatu ne.

Tsohon Edita:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na ga maganar nan ta taɓo inda na ƙarar da ƙuruciyata, bari in sa baki.

Abu na farko da nake so matasa su sani, mu a Arewa ba mu taɓa biyan ainihin kuɗin jarida ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Amma ba kwabon nan ne ke ɗauke da ita ba, hukuma ce a bayanta. New Nigerian ta fito a Kaduna a farkon 1966, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a 1980, daga baya ga Albishir da boko, ga Alfijir da ajami. Duk baitulmali ne ya ɗauki nauyinsu. Mai karatu yana ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, gwamnati na cike giɓin. Shi ya sa ranar da gwamnatoci suka janye hannu, jaridun nan suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi, wasu abokan aikinmu har suka koma ga Allah ba a biya su haƙƙinsu ba.

A 1998 Weekly Trust ta fito da kuɗin 'yan kasuwa, Daily Trust ta biyo baya a 2001, sannan Aminiya. Su kuma talla ce ta riƙe su, kuma in ka buɗe shafukan tallar za ka ga rabinsu na gwamnatoci ne da 'yan siyasa: taya murna, ta'aziyya, sanarwar kwangila.

To yau tallar ta gudu wajen Google da Facebook. Takardar bugawa daga waje ake shigo da ita, don masana'antar Oku Iboku da ke yin ta a Akwa Ibom ta daɗe da tsayawa, ga shi tun 2023 dala ta yi tashin gwauron zabo. Saura mutum biyu kawai da za su iya biyan ɗan jarida: mai karatu ko mai mulki. In mai karatu ya ce ba ruwansa, mai mulki ba zai ce haka ba. Shi a shirye yake ya biya, kuma kun san abin da yake saya da kuɗinsa.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Na fahimta, kuma ban musa ba. Amma har yanzu tambayata tana nan: manomin fa?

Tsohon Edita:
Manomin a da ma ba shi ke sayen jarida ba, Malam. Malamin makaranta ko akawun alƙali ne ke saya, da la'asar a zauna a ƙofar gida ya karanta wa mutum goma sha. Rediyo kuma ta ɗauka da safe ta yi sharhin jaridu. Muhimmin abu shi ne a samu wanda ya je ya gano labarin tukuna. In ba a gano shi ba, babu abin da za a karanta wa kowa.

Wakiliya:
Baba ya gama magana, amma bari in faɗa muku yadda abin yake a yau, don ni ina ciki tsundum.

Jaridar da nake wa aiki ba ta ba ni kuɗin mota. Albashin ma sai ya yi wata da watanni bai zo ba. In aka kira taron manema labarai a wata ma'aikata, za mu zauna a jere, kwamishina ya karanta takardarsa, jami'in hulɗa da jama'a ya raba mana kwafinta. In an tashi sai a ce kowa ya rubuta sunansa da na gidan da yake wakilta. Wani daga cikinmu ya shiga ofis ya fito da ambulan, a koma gindin bishiya a raba. Sunansa "kuɗin mota". Da yamma ka duba shafuka goma, labari ɗaya ne, har kuskuren rubutun da ke takardar kwamishina yana nan a kowanne.

Yanzu ku kwatanta da labarin takin da Malam ya ambata. Wanda ya yi shi sai ya je sito, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma a yi ta yi masa "je ka dawo", ya shiga ƙauye ya sami manoman da aka rubuta sunayensu ya tambaye su ko sun ga taki. Kwana nawa ke nan? Man babur nawa? Babu mai ba shi ambulan a wannan aikin, sai ma kiran waya da zai samu da daddare ana ce masa ya yi hattara. In jaridarsa ta ce a biya kafin a karanta, wallahi ba kwaɗayi ba ne. Neman hanyar da za ta sake tura shi gobe take yi.

Ɗan Fagge, ka ce kai mai karatu ne kawai. Ƙanina, labaran da kake samu kyauta ɗin nan an riga an biya kuɗinsu. Ba kai ka biya ba, shi ya sa ba don kai aka rubuta su ba.

Ɗan Fagge:
Anti na ji, kuma Allah ya ba ku haƙuri. Amma mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, wasu jihohin ma da ƙyar suke biya. Wanda ke lissafin kwanon masara ba zai ware 2,000 don jarida ba. Ba ƙeta ba ce, babu ne.

Mai Jarida:
Ku bari mai sana'ar ya yi magana. Na gaji teburin jarida daga yayana, a bakin wani shataletale. A da kafin ƙarfe goma na safe rabin kaya sun tafi. Ofisoshi na da standing order ɗinsu, wato kwafin da ake kai musu kullum, bankuna na aiko masinja. Yanzu kwafin da nake karɓa bai kai rubu'in na da ba, kuma da yamma in ɗaure ragowa in mayar wa wakilin kamfani.

Amma teburina bai taɓa rabuwa da mutane ba. Suna nan tsaye tun safe, masu karatun kyauta, ana musun siyasa da ƙwallo. Abin da na lura da shi, mutumin da ba zai taɓa sayen jarida ba zai miƙo mini naira hamsin ko ɗari ya ɗauka ya zauna a benci ya karance ta tas, ya ninke ya mayar mini. Ban taɓa roƙon kowa ba, su da kansu suke bayarwa, don suna jin nauyin su karanta su tafi haka nan. Saboda haka kada wanda ya ce mutanenmu ba sa biyan kuɗin labari. Suna biya, amma kaɗan-kaɗan, a ranar da suke so, da kuɗin da ke aljihunsu a lokacin. Cewa mutum ya ɗaure kansa da biyan wata-wata, ana zarar kuɗi daga asusunsa ko ya karanta ko bai karanta ba, wannan ne ba za su yarda ba.

Maman Ilham:
Wannan ita ce magana, Malam Mai Jarida. Haka muke sayen komai ai. Omo na ƙulli, man gyaɗa na ludayi, data ta kwana ɗaya. Me zai hana a sayar da labari ɗaya naira hamsin, a cire daga katin waya?

Injiniya:
Hajiya, ta fuskar fasaha ana iya yi, sai dai akwai ƙura. In aka cire daga katin waya, kamfanin sadarwa da dillalan da ke tsakani suna ɗaukar kaso mai tsoka, abin da zai isa ga jarida ba shi da yawa. In ta katin banki ne, mutane da dama suna tsoron sa lambar katinsu a intanet saboda 'yan damfara, kuma suna da hujja. Abin da ya fi dacewa da mu yanzu tiransifa ce. Mai shayi ma yana karɓar tiransifa ta OPay ko Moniepoint. A ba mutum lambar asusu, ya tura ɗari biyu, a buɗe masa na mako guda. Babu sabuntawa da kanta, in ya ƙare ya ga dama ya sake.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce kwafa. Mutum ɗaya zai biya, ya ɗauki hoton shafin, ya watsa a zaurukan WhatsApp. Manyan jaridun ƙasar nan da ke sayar da bugunsu na PDF suna fama da wannan, kafin a idar da sallar asuba bugun ranar ya gama zagaya wayoyi. Babu makullin da zai hana.

Ɗalibi a Kanada:
Salam. Bari in kawo abin da na gani a waje, don ana yawan kafa hujja da New York Times. Gaskiya ne sun sa shingen biyan kuɗi a watan Maris na 2011, suka bar labari 20 kyauta a wata, kuma yau masu biyansu sun haura miliyan 10. Amma su duniya gaba ɗaya suke sayar wa. Ƙananan jaridun garuruwa a Amurka ba su tsira ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridun ƙasar sun rufe daga 2005 zuwa yau, akwai gundumomi da yawa da ba su da jarida ko ɗaya.

Nan Kanada gwamnati ta yi doka a 2023 cewa manyan kamfanonin intanet su riƙa biyan kafafen labarai. Google ya yarda zai riƙa ba da dalar Kanada miliyan 100 a shekara. Meta kuwa ya ce bai san zance ba, ya toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram tun watan Agustan 2023. Ina nan zaune ba na iya ɗora mahaɗin labarin jarida a Facebook. Ƙananan kafafen da suka dogara da Facebook wajen samun masu karatu su suka fi jin jiki. Ina faɗar wannan ne don masu cewa a bar komai kyauta a Facebook. Gidan aro ne, ranar da mai shi ya so zai rufe ƙofa.

A Afirka ma an gwada. News24 ta Afirka ta Kudu ta fara karɓar rand 75 a wata a 2020 kuma ta samu masu biya. Daily Maverick ta can ta bi wata hanyar: labari a buɗe yake ga kowa, mai hali ya shiga sahun masu tallafawa ya ba da abin da zai iya. Guardian ta Ingila ma haka take yi.

Baban Khalifa:
To ka ga wannan ta biyun ita ta fi kwanta mini. Mai hali ya biya, marar hali ya karanta. A nan gida ma ai Premium Times a buɗe take, a ƙarshen labari ne suke neman gudummawa. BusinessDay ce na san tana kulle labarai, su kuma masu karatunsu ma'aikatan banki ne da 'yan kasuwa, kamfani ne ma ke biya wa wasunsu.

Wakiliya:
Malam, tsakani da Allah, sau nawa ka taɓa danna wajen gudummawar nan? Ba kai kaɗai ba, duk zauren nan nake tambaya.

Maman Ilham:
Shiru kake ji.

Alhaji Na Dawanau:
Ni zan amsa miki 'yata. Ban taɓa ba, kuma ga dalilina. Ni hatsi nake saye da sayarwa. Kullum sai na kashe kuɗin kati ina kiran yarana a kasuwannin ƙauye: nawa masara ta tashi a Dandume, nawa wake a Maigatari, an buɗe boda ko ba a buɗe ba, hanyar Birnin Gwari ta biyu yau ko a haƙura. A kan wannan bayanin nake ɗora dukiyata. Da akwai jaridar da za ta riƙa kawo mini shi kowace safiya, ingantacce, wanda ba na ji-ta-ji-ta ba, wallahi 2,000 ta yi kaɗan, zan biya fiye da haka in kuma biya wa yarana. Amma in buɗe jarida in tarar da gwamna ya yaba, sanata ya jajanta, uwargidan gwamna ta raba atamfa, a ce in biya? Su da aka yaba su biya mana.

Ku 'yan jarida ku riƙa tambayar kanku me mutum zai rasa in bai karanta ku ba. In babu abin da zai rasa, ko kyauta ne ma alfarma yake muku.

Tsohon Edita:
Alhaji ya faɗi abin da muka kasa ganewa shekara da shekaru. Mun mayar da hankali kan Abuja da gidan gwamnati, inda kowa ke da wakili, muka bar kotun majistare, muka bar asibitin ƙaramar hukuma, muka bar kasuwa. A zamaninmu akwai wakili da aikinsa kawai zaman kotu, ya san kowane rajistara da suna. Yau sai shari'a ta yi ƙamari a Facebook sannan 'yan jarida ke rugawa. Abin da babu mai kawo shi sai kai, shi ne kaɗai za ka iya sa wa kuɗi.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan uwa na Nijeriya. Mu nan jaridun takarda da Faransanci suke, galibi a Yamai suke ƙarewa, talaka rediyo ya sani. Shekara da shekaru mun dogara da BBC da DW da RFI da Muryar Amurka, duka kyauta. To a watan Agustan 2023 hukumomi suka dakatar da RFI da France 24, a Disambar 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. Sannan a Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi tsit, ba daga nan ba, daga can Washington aka rufe famfon kuɗin. Tsofaffi suka yi ta murɗa akwatin rediyo suna neman tashar da suka saba ji tun 1979. Ranar na gane cewa abin da wani ke biya maka, shi ke da ikon ɗauke shi, ba sai ya yi shawara da kai ba. Ina goyon bayan mu riƙa biyan namu, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Ɗan Fagge:
To na ji duka. Amma ku ma ku ji tsoron da nake ji. In jaridun kirki suka kulle, na banza suna buɗe. Mai ƙirƙirar labarin ƙarya ba zai taɓa ce maka ka biya ba. Ranar da aka samu rikici a gari, ƙarya na yawo a WhatsApp kyauta, gaskiya kuma tana bayan shinge sai mai 2,000. Wa kuke ganin zai yi nasara? Mun ga yadda hoton bogi ɗaya ke tayar da unguwa.

Maman Ilham:
Nan kam ka yi gaskiya ƙanina. Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Lokacin korona manyan jaridun waje da yawa sun buɗe labaran cutar kyauta duk da suna da shinge. Labarin ɓarkewar amai da gudawa, ko ambaliya, ko harin 'yan bindiga a hanya, ko sakamakon zaɓe, bai halatta a kulle shi ba ko na minti ɗaya. Wannan rai ne.

Wakiliya:
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma duk editan da ya san aikinsa zai yarda. Inda nake da ja shi ne labarin bincike irin na takin nan. Shi ne mafi tsada a wajenmu, shi ne kuma kuke cewa a sake shi kyauta. In mun buɗe na gaggawa, mun buɗe na bincike, me ya rage mu sayar? Sanarwar kwamishina?

Injiniya:
Akwai tsaka-tsaki. A kulle shi kwana uku ko mako guda ga waɗanda suka biya, su fara gani da cikakkun takardun, bayan nan a buɗe wa kowa. A kuma ba gidajen rediyo taƙaitaccensa tun ranar farko su karanta da Hausa, da sharaɗin su ambaci jaridar. Manomin Malam zai ji a rediyo, Alhaji zai karanta da wuri, jarida ta samu na mai.

Baban Khalifa:
Mako guda ya yi yawa ga labarin taki, Injiniya. Damina ba ta jira. In an karkatar da buhunan, kafin mako ya cika sun shiga kasuwa an sauya musu buhu. Kwana biyu dai.

Alhaji Na Dawanau:
Ni kuma ga tawa gudummawar. In jaridar nan za ta sa farashin hatsi na manyan kasuwanni ko sau biyu a mako, zan yi magana da shugabannin layinmu mu biya a ƙungiyance, mutum talatin ko arba'in lokaci guda. Amma da sharaɗi ɗaya: su riƙa bayyana mana a fili ko suna karɓar kuɗin wata-wata daga gidan gwamnati. Ba zan biya mutum ya kawo mini labari ba alhali wanda labarin ya shafa ma yana biyansa.

Wakiliya:
Alhaji wannan sharaɗin zai yi wa gidaje da yawa nauyi, har da wanda nake wa aiki. Amma a rubuta shi haka, kada a sassauta.

Tsohon Edita:
Malam Baban Khalifa, tunda kai ka ɗauko zancen, ka tattara abubuwan nan ka aika wa editan jaridar: biyan mako ta tiransifa, buɗe labaran gaggawa, wa'adin kwana biyu ga na bincike, farashin kasuwa, biyan ƙungiya, da sharaɗin Alhaji. Ka turo mini kafin ka aika in duba maka. Editan yaro ne a wajenmu, in ya ga sunana a ƙasa zai karanta.

Ɗan Fagge:
A ƙara da cewa shafin nasu ya rage nauyi. Tallace-tallacen da ke buɗe kansu suna cinye data kafin labarin ya fito. In na biya ɗari biyun, ba na son ganin tallar caca ko ɗaya.

Baban Khalifa:
An ƙara. Baba zan turo maka bayan isha'i in sha Allah. Hajiya Maman Ilham, ki rubuto mini jerin irin labaran lafiyar da kike ganin bai kamata a kulle ba, in haɗa da su.